Hukuncin koyon harbi da kwari da baka da farauta da shi

Tambaya: Malam, na sayi baka ina son in koyi harbi, daga baya in shiga farauta. Shin zan iya gwada hannuna a kan tsuntsaye? Kuma abin da kibiyata ta kashe ya halatta in ci?

Amsa: Koyon harbi abin so ne a Shari'a. Muslim ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa Annabi (SAW) ya karanta aya ta 60 ta Suratul Anfal a kan mumbari, ya ce ƙarfin da ayar ta ce a tanada shi ne harbi, har sau uku.

Amma gwada hannu a kan mai rai, a'a. Ibnu Umar ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya gaya musu Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya mai da mai rai abin bara. Maimakon haka, ka cusa ciyawa a buhu ka riƙa harbinsa, ka fara da baka mai sauƙin ja, ka harba daga kusa har kibiyoyinka su riƙa taruwa wuri ɗaya. Wanda hannunsa bai faɗa ba, raunata dabba kawai yake yi ta gudu ta mutu a banza. Mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma ya ce farauta don wasa makaruhi ce.

Batun ci, sharaɗi shi ne ka yi bisimilla lokacin sakin tsarkiya, kibiyar kuma ta huda ta zubar da jini. Annabi (SAW) ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim cewa abin da makami ya kashe da kaifinsa a ci, abin da ya kashe da faɗinsa kada a ci. Nan sababbin mafarauta ke kuskure: akwai kibiyoyi masu dunƙulallen kai da ake harbin zomo da tsuntsu, da bugu suke kisa, ba da huda ba. Abin da suka kashe mushe ne, sai in ka riske shi da rai ka yanka. Ko kibiya mai kaifin ce, ka iske dabbar da sauran rai, yanka ya wajaba, don haka kada wuƙa ta bar jikinka. In ka same ta ta mutu cikin ruwa, bar ta, ba ka san ko ruwan ne ya kashe ta ko kibiyarka ba.

Ka kiyaye dokar farauta ta inda kake. Mai harama da Hajji ko Umura kuwa farautar tudu haram ce gare shi.

Allah ne Mafi sani.