Ku Tambaya Mu Amsa: Wai wane ne Cy Young?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, ina gaisuwa. Ƙanena da ke karatu a Amurka kullum in mun yi waya sai ya kawo zancen wasan besbol da wata kyauta wai ita Cy Young, ni ko ban gane ba, sunan mutum ne ko na kamfani? Daga mai karatunku a unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mutum ne, ɗan gidan manoma da aka haifa a jihar Ohio a 1867, sunansa na yanka Denton True Young. Aikinsa a fili jifa ne, wato shi ke tsayawa tsakiya ya wurgo ƙwallo da ƙarfin tsiya, ɗan ɗayan ɓangaren na riƙe da sanda yana neman ya make ta, in ya kuskure sau uku ya fita. Ya fara da kulob ɗin Cleveland a 1890, ya ɗan taɓa St. Louis, sannan ya koma Boston a 1901 inda suka ci World Series, wato karawar ƙarshe ta fidda zakaran besbol, na farko a 1903, sai a 1911 ya aje wasa.

To abin da ya sa har yau ake zancensa juriya ce, malam. Ya ci wasa 511, babu mai jifan da ya kai haka, kuma wasa 749 shi ya fara shi ya ƙare ba tare da an canje shi ba, alhali yanzu mai jifa na yin rabin wasa ko fiye kaɗan koci zai fiddo shi don kar kafaɗa ta lalace, kuɗi ne aka zuba a kanta ai. Kamar a ce ɗan kokowa ne ya shekara ashirin yana shiga fili ana ta sauya masa abokan karawa shi ko ko gezau. A 1893 ma an ƙara nisan wurin jifa zuwa mita 18 da ɗoriya, wasu suka rikice, shi bai ji komai ba. Ran 5 ga Mayu 1904 kuwa ya fitar da ƴan Philadelphia 27 a jere, ko ɗaya bai taka zangon farko ba, wato wurin da mai sanda ke fara rugawa in ya make ƙwallo.

Ni dai a ganina 511 ɗin nan ba mai kamo ta, salon wasan ya riga ya sauya. Ya rasu a 1955, shekara na zagayowa aka fara ba da kyautar da ƙanenka ke faɗi ga gwanin masu jifa, tun 1967 kuma mutum biyu ake ba duk shekara, manyan rukunonin gasar (lig) biyu kowane da nasa.