Makina na GRE bai yi kyau ba: in sake zama ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta jarrabawar GRE a farkon watan Oktoba domin neman gurbin digiri na biyu a fannin tattalin arziki a Amurka. Na samu 156 a sashen Turanci, 151 a lissafi, sai 4 a insha'i. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a gwajin da nake yi a gida lissafina yana kaiwa 158 har 160, amma ranar jarrabawa lokaci ya ƙure mini, na bar tambayoyi ban amsa ba. Jami'o'in da nake nema za su rufe karɓar takardu ranar 15 ga Disamba. Wasu suna cewa in sake, wasu kuma suna cewa in jami'a ta ga na zauna sau biyu za ta raina ni. Ga shi kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shawarata ki sake, sau ɗaya, kafin Nuwamba ya fita. Amma ba kowa zan ba wannan amsar ba, don haka bari in faɗa miki abin da na gani a wasiƙarki har na ce haka.

Da farko ki daina haɗa makin biyu kina kallon jimilla. Hukumar ETS da ke shirya jarrabawar tana auna Turanci da lissafi kowanne daga 130 zuwa 170, insha'i kuma daga 0 zuwa 6, kuma malaman da za su duba takardunki kowane sashe daban suke kallonsa. Makinki na Turanci ba abin kunya ba ne: matsakaicin masu zama yana wajen 151, kin kuma wuce fiye da kashi biyu bisa uku na su. Insha'in ma ya isa. Matsalar tana wajen lissafi, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin maki ɗaya ba ya nufin abu ɗaya a sassan biyu. Wanda ya samu 160 a Turanci ya wuce mutum 8 cikin 10, amma 160 a lissafi tsakiyar sahu ne kawai, saboda ɗimbin masu karatun injiniya da kimiyya da ke cin sashen kusan duka. A 'yan shekarun nan matsakaicin lissafi ya haura 155. To kin ga 151 yana ƙasa da matsakaici, a sashen da masu tattalin arziki suka fi zuba wa ido. Da tarihi ko adabi kike nema, da na ce ki riƙe kuɗinki ki je ki gyara sauran takardunki. Amma digiri na biyu a tattalin arziki lissafi ne da ƙididdiga tun daga makon farko, kuma manyan sassan wannan fanni a jami'o'i sun saba ganin masu nema da 165 zuwa sama.

Duk da haka, kafin ki biya ko sisi, ki buɗe shafin kowane sashe da kike nema, shafin sashen kansa ba na jami'ar gaba ɗaya ba, ki karanta abin da suka ce. Tun lokacin annobar korona a 2020 sassa da dama a Amurka suka daina neman GRE, wasu kuma suka mayar da ita ganin dama. Wasu suna wallafa matsakaicin makin waɗanda suka ɗauka bara. In ba su rubuta ba, ki aika wa jami'in ɗaukar ɗalibai na sashen gajeren saƙo ki tambaya; tambaya ce da suke amsawa kullum. Idan ya zamana yawancin wuraren da kike so ba sa buƙatarta, magana ta canja: kada ki aika musu makin kawai.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa. Kin san dalilin faɗuwarki. Masu zuwa da irin wannan tambaya kashi biyu ne. Akwai wanda makinsa na ranar jarrabawa daidai yake da abin da yake samu a gwajin gida, sai dai bai yi masa daɗi ba. Wannan in ya koma bayan mako uku bai canja komai ba, makin jiya zai sake saye da kuɗinsa, domin tashi ko saukar maki 2 ko 3 tsakanin zama biyu abu ne da ke faruwa ko da mutum bai ƙaru da komai ba. Shi watanni yake buƙata ya koma ya gina tushe. Akwai kuma irinki, wadda tazarar maki 7 zuwa 9 ta shiga tsakanin gwajinta da sakamakonta, ta kuma iya nuna wurin da abin ya lalace. Ilimin yana nan, dabarar sarrafa lokaci ce ta gaza, ita kuwa ana gyara ta cikin makonni.

Sai dai ina da tambaya guda, ki amsa wa kanki tsakani da Allah: gwajin gidan nan da agogo kika yi shi, a zama ɗaya, ba tsayawa ba duba waya? Kuma na ETS ne, wato POWERPREP, ko na wasu kamfanoni? In kina dakatar da agogo kina tashi shan ruwa, to 160 ɗin nan ba naki ba ne tukuna. Akwai gwajin POWERPREP guda biyu na kyauta. In akwai wanda ba ki taɓa ba, ki zauna masa cikin makon nan kamar ranar gaske, ki ga inda kike.

Batun lokacin yana da kyau ki fahimce shi sosai. Tun watan Satumba na 2023 aka taƙaita jarrabawar ta koma awa 1 da minti 58. Lissafi tambayoyi 27 ne a rukuni biyu: 12 cikin minti 21, sannan 15 cikin minti 26. Wato kusan minti ɗaya da daƙiƙa 45 ga kowace tambaya. Kwamfuta tana duba ƙoƙarinki a rukunin farko ta zaɓa miki rukuni na biyu, mai wuya ko mai sauƙi, kuma mai wuyar ne yake buɗe ƙofar maki mai yawa. Saboda haka wadda ta maƙale minti biyar kan tambaya ɗaya a rukunin farko ta yi asara biyu: ta rasa tambayoyin ƙarshe, an kuma tura ta rukunin da makinsa ba ya nisa. Sannan ba a cire maki don an amsa ba daidai ba. Barin tambaya babu amsa, kamar yadda kika yi, asara ce tsantsa. A cikin rukuni ɗaya kina da damar tsallake tambaya, ki sa mata alama, ki dawo mata. Ki koya wa kanki wannan: duk tambayar da ta ci minti biyu ba ki ga hanya ba, ki zaɓi amsar da ta fi kama da gaskiya, ki yi gaba.

Lissafin kansa bai wuce na sakandare ba: kaso da rabo, aljabara, siffofi da kusurwoyi, da karanta jadawali. Wayon yana cikin yadda ake tambayar, musamman tambayoyin da ake kwatanta adadi biyu a ce wanne ya fi, inda mantawa da sifili ko lamba mai ƙasa da sifili yake kayar da mutane. Cikin asusunki na ETS akwai rahoton da ake kira GRE Diagnostic Service, kyauta ne, yana nuna irin tambayoyin da kika faɗi, matakin wuyarsu, da lokacin da kika ɓata a kan kowace. Daga nan ya kamata a tsara karatun. Kada ki ɗauki littafi ki fara daga shafin farko.

Maganar cewa jami'a za ta raina ki kuwa, ki ajiye ta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zama biyu abu ne da masu duba takardu suka saba gani, kuma akwai tsarin ScoreSelect da ke ba ki damar zaɓar zaman da za ki aika cikin shekaru 5 da makin yake aiki. Abu biyu kawai za ki kiyaye. Ba a tsinto Turanci daga zaman farko a haɗa da lissafin zama na biyu. Makin rana guda tare yake tafiya, don haka kada ki yi watsi da Turanci gaba ɗaya har ya zube. Sannan akwai sassan da ke cewa a aiko musu da duk sakamakon da aka taɓa samu, to in sun ce haka, ki aika duka. Tashi daga 151 zuwa 159 ba abin ɓoyewa ba ne ma. A ranar jarrabawa ana ba ki damar aika maki kyauta zuwa wurare 4, kuma kina ganin makin Turanci da lissafi a allo kafin ki zaɓa. Kada ki soke sakamako don jikinki ya ba ki cewa abin bai yi ba; sokewa tana zuwa ne kafin a nuna makin, kuma sau da yawa zato a wannan lokaci ƙarya yake yi.

Ga lissafin kwanaki. Doka ita ce a bar kwana 21 tsakanin zama da zama, kuma ba a wuce zama 5 cikin wata 12. Sakamako na hukuma yana fitowa bayan kwana 8 zuwa 10. In kin zauna tsakanin 20 da 25 ga Nuwamba, kin samu kusan mako shida na shiri, makin kuma zai isa da sauran sarari. Ki kama gurbin zama tun yanzu, domin cibiyoyi suna cika a wannan lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A 2024 kuɗin ya kasance kusan dala 220 a yawancin ƙasashe, ban raina shi ba. Amma ki auna shi da kuɗin neman gurbi da za ki biya kowace jami'a da makin da kin san ba zai kai ki ba, da kuma tallafin karatu wanda wasu sassan suke duba maki kafin su ba da shi. In aljihu ya matse, gara ki rage jami'a ɗaya ko biyu daga jerinki ki sake jarrabawar.

Abin da nake tsoro shi ne GRE ta cinye miki makonnin nan duka. Takardar bayanin manufarki da wasiƙun shaida daga malamanki sun fi maki 3 ko 4 nauyi, kuma malamai ba sa son a zo musu ana saura kwana biyar. Ki rubuta musu cikin makon nan. Awa ɗaya da rabi a rana ta ishe ki lissafi, tare da cikakken gwaji ɗaya a ƙarshen kowane mako. Idan ana saura kwana goma gwajin da kike yi da agogo bai wuce 153 ba, ki ɗaga ranar ko ki fasa, ki karkata ga sassan da ba sa neman GRE a bana. ETS tana karɓar sauya rana matuƙar an yi shi aƙalla kwana 4 kafin zama, da ɗan kuɗi a kai.