Fijon Baba da Kuɗin da Aka Gani a Waya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar Peugeot 504 fara, haɗin Kaduna, ta 1984. Tana cikin garejin gidanmu an lulluɓe ta da tamfol, ta kai shekara tara ba a tashe ta ba. Da aka zo rabon gado kawunmu ya kawo dillali ya yi mata kuɗi, kuɗin da bai kai na babur sabo ba. Nan take ƙanena ya zaro wayarsa ya nuna mana wata 504 da aka sa wa yuro 45,000 a wani shafin gwanjon motoci na Turai. Da muka juya shi naira sai ga kuɗin gida guda. Tun ranar ya kafe cewa ba za a sayar ba sai an kai ta can, har yana cewa kawu da dillali bakinsu ɗaya. Rabo ya tsaya cak, Hajiya kuma ranta ba daɗi. Baba, wa ke da gaskiya a cikinsu?

Mai karatu, daga Gwammaja

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙuri kai da Hajiya da 'yan'uwanka. Abin da ke zuciyar kawunku da ta dillali Allah ne ya bar wa kansa sani, ba zan shiga nan ba. Lambar da ƙanenka ya gani kuwa na san irinta sarai, don na shekara talatin ina tsaye tsakanin mai mota da mai saye a garin nan.

Ka shiga Kantin Kwari ka tambayi kuɗin shadda. Mai kanti zai faɗi nasa, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, can ya ce ya sallama. Lamba uku aka ambata a cinikin nan, amma kuɗin shaddar shi ne wanda aka sallama a kai. Haka abin yake a intanet, bambancin kawai shi ne a can kuɗin da mai kaya ya fara yankawa yana iya zama a shafi wata shida ko shekara, kowa na gani yana yaɗawa, alhali ko mutum ɗaya bai taya ba. Rubuta lamba ba ya cin kuɗi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Shafukan nan iri biyu ne, kuma ya kamata ƙanenka ya duba wanne ya buɗe. Akwai na talla, inda mutum ke sa hoton motarsa da kuɗin da ransa ke so. Akwai na gwanjo na gaske, irin su Bring a Trailer da Cars & Bids a Amurka, ko Collecting Cars a Ingila. A Bring a Trailer yawanci kwana bakwai ake ba mota, mutane suna ta ƙara tayi, kuma in wani ya taya a cikin minti biyun ƙarshe sai a ƙara wasu minti biyu, har sai kowa ya yi shiru. Sau da yawa mai motar yana da wani kuɗi da ya ɓoye tsakaninsa da masu shafin, in tayi bai kai nan ba babu sallama. Shi ya sa za ka ga mota an taya ta kuɗi mai kauri, amma ta kwana a garejin mai ita. Kyawun shafin shi ne ba ya goge tsofaffin gwanjo. Kana iya neman 504 ka ga duk waɗanda suka wuce, wacce aka sayar da nawa, wacce kuma tayi ya tsaya ba a sallama ba. Waɗanda aka sayar ɗin kaɗai za ku lissafa. Kuma ku sani a Bring a Trailer wanda ya ci gwanjo yana biyan shafin la'ada ta kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin motar, don haka tun yana tayi yana rage wannan a ransa.

Ko tayin ma ba kullum yake da tsarki ba. Wani mai motar yakan sa abokinsa ya riƙa ƙara kuɗi don ya ingiza mai saye na gaskiya. Malamanmu sun san wannan tun kafin a ƙera mota: shi ne najashu, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Shafukan kirki suna korar wanda suka kama da shi, amma ba kowa ake kamawa ba.

Sai maganar wace 504 ce ƙanenka ya gani, wadda nake zaton a nan kuskuren ya fi girma. Peugeot ta fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma an ƙera fiye da miliyan 3. Kamfanin PAN, mai haɗa Fijo a Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Ta zama motar gwamnati, motar malamin makaranta, motar ɗan kasuwa, doguwar kuma ta zama tasi tsakanin Kano da Kaduna da Jos. Amma a 1969 an fito da wasu iri biyu masu ƙofa biyu, ɗaya rufaffiya, ɗaya mai buɗaɗɗen kai, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, wasu ma da inji mai silinda shida. Ba a yi su da yawa ba, kuma su ne masu tara tsofaffin motoci ke zuba wa kuɗi. Suna ɗaya ne da ta mahaifinku, amma kasuwarsu daban. Ka ce wa ƙanenka ya koma hoton ya ƙirga ƙofofi. In biyu ya gani, to maganar ta ƙare daga nan.

In ma huɗu ya gani, akwai sauran tafiya. Kamfanin Hagerty na Amurka, mai inshorar tsofaffin motoci, yana kasa su mataki huɗu, daga ta ɗaya wadda ta isa shiga gasar nuni zuwa ta huɗu wadda ke tafiya amma da aibobi a fili, kuma tazarar kuɗi tsakanin ta ɗaya da ta huɗu takan ninka. Motar da ta shekara tara a ƙarƙashin tamfol ba ta ma shiga layin ba tukuna. Man da ke tanki ya dafe, robobin birki sun bushe, tayoyi sun tsattsage, wataƙila ɓera ya yi gida a kujeru ya ci wayoyi. Masu sayen nan kuma suna tambayar abin da mu ba mu cika damuwa da shi ba: injin nan shi ne na asali, lambarsa ta dace da takarda? An taɓa sake fenti? Ina rasit ɗin gyare-gyare? Mu nan in inji ya gaji sai a je Ƙofar Ruwa a ɗauko wani a ɗora, a ci gaba da harka, kuma babu laifi a ciki. Amma a idon mai tara motoci darajarta ta ragu.

Abu ɗaya da motar Kano ta fi ta Turai shi ne tsatsa. Can suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cinye ƙasan mota. Mu iskarmu busasshiya ce, in ba a bar mota a cikin ruwan damina ba ƙarfenta yakan daɗe lafiya. Ku sa bakanike ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya ɗaga kafet ya duba ƙasan but. In ya ga ƙarfe garau, kuna da abin da za ku riƙe a ciniki.

Kai ta Turai kuwa ba magana ce ta baki ba. Sai an gyara ta ta tashi, a ɗora ta a tirela zuwa Legas, a biya ejan da kwantena da jirgin ruwa, a can kuma a biya haraji, a sami wanda zai karɓe ta ya ajiye ya yi mata hotuna ya amsa tambayoyin masu saye. Duk wannan daga aljihun magada zai fita tun ba a ga sisi ba, kuma in tayi bai kai ba motar tana can, kuɗinku ma suna can.

Na san abin da ke ruɗa yara. Suna jin cewa a watan Mayun 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 a kan yuro miliyan 135, sai su ɗauka tsufa ne ke kawo kuɗi. Guda biyu tak aka ƙera irinta a duniya. Ƙaranci aka saya, da tarihi. Mu ma muna da misali a gida: baƙar Marsandin da aka harbi Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas, mutane na zuwa kallonta, alhali 'yan'uwanta da aka shigo da su tare tuni 'yan gwangwan suka auna su a sikeli.

Wannan sikelin ne yake min ciwo har yau. Mahaifina ya bar Peugeot 404, muka yi ta ja-in-ja ni da yayyena a kan kuɗinta, kowa na ganin za a cuce shi. Damina huɗu ta yi a waje a ƙofar gida. Yara suka fasa gilas, aka sace fitilu, ruwa ya kwanta a ciki. Ranar da muka shirya, wanda ya zo saye da guduma ya zo. Ina tsaye aka farfasa motar da na koyi tuƙi a cikinta, kuma rabon kowa bai kai kuɗin ragon layya ba. Ba na so ku ga irin wannan ranar.

Ga abin da zan yi da ni ne babba a gidanku. Zan kira bakanike tsohon hannu wanda ya san Fijo ya duba ta a gaban kowa, har da ƙanenka. Zan kira dillalai uku da ba su san juna ba, kowa ya yi mata kuɗi shi kaɗai, don kuɗin dillali ɗaya bai isa a rufe magana a kansa ba, a nan ƙanenka yana da hujja. Zan ba shi kansa aikin nemo 504 mai ƙofa huɗu guda biyar da aka sallama a gwanjo cikin shekara biyun nan, ya kawo hotunansu da kuɗinsu a zauna a duba tare. Sannan a kai duka gaban malamin da ke raba muku gado. In har bayan haka yana ganin za ta yi kuɗin da yake faɗa, a ba shi ita a cikin kasonsa a kan mafi tsadar tayin da aka samu, ribar gaba tasa ce shi kaɗai. Ku kuma tambayi Hajiya ko tana so motar ta bar gidan ma. A gaishe ta.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina da Mercedes 230E ta 1983, ina hawanta har yanzu. Na sa hotonta a Facebook don sha'awa kawai, sai wani ya yi min magana wai daga Jamus yake, zai saya ninki uku na abin da aka taɓa taya min a Kano. Bai nemi ganin injin ba. Ya ce in fara tura kuɗin takardun fitar da ita ga wani ejan ɗinsa, in motar ta isa ya mayar min haɗe da kuɗinta. In tura?

Mai karatu, daga Kurna

AMSA

Kada ka tura ko naira ɗaya, ɗan'uwa. Wanda ya san irin wannan Marsandin, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, kafin ya ambaci kuɗi sai ya gajiyar da kai da tambaya. Zai nemi lambar jikin motar, hoton ƙasanta, hoton gindin ƙofofi da wajen batir inda tsatsa ke fara kama su, da bidiyon injin yana tashi da sanyin safiya. Kuma an ƙera su fiye da miliyan 2, Jamus ce gidansu, ba shi da dalilin biyan ninki uku don ya ɗauko ɗaya daga Kurna. Ejan ɗin da shi mutum ɗaya ne, ko abokan cin mushe.

In kana son ka tabbatar, ka ce masa ya turo wakilinsa Kano ya ga motar da idonsa, kuɗi su shiga asusunka, bankinka ya tabbatar maka sun zauna, sannan a miƙa makulli. Hoton rasit a waya ba kuɗi ba ne. Ka kuma sauke duk hoton da lambar motar ko ƙofar gidanka ta fito a ciki, kada a ɗauka a je a damfari wani da motarka.