Wai Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara rabon diyyar bauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana aiki a Jamus, kuma yana shan wulaƙanci saboda launin fatarsa. Ko gidan haya ya nema, da an gan shi sai a ce an riga an kama. Yanzu an turo masa saƙo ta WhatsApp wai Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe rajistar diyyar bauta ga baƙar fata, a tura hoton fasfo da kuɗin rajista. Yana shirin biya, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kira shi yau, kada ya tura ko sisi, kada ya tura fasfo. Damfara ce.

Wannan ji-ta-ji-ta ta ishe ni, domin kusan kullum sai na amsa ta. Majalisar ba ta da wani asusu da take raba wa baƙar fata kuɗin bauta, ba ta kuma karɓar kuɗin rajista kan kowane ƙorafi. Abin takaicin shi ne 'yan damfarar sun yi karatun ta-natsu. Za su ambaci taron Majalisar kan wariyar launin fata da aka yi a Durban, Afirka ta Kudu, a 2001, wanda da gaske ya ayyana bauta da cinikin bayi a matsayin laifi ga bil'adama. Za su ambaci shekaru goma da aka keɓe wa masu asali da Afirka daga 2015 zuwa 2024, da zagaye na biyu daga 2025 zuwa 2034, har da zauren dindindin kan al'amuransu mai mambobi goma da Majalisar ta kafa a 2021. Duk gaskiya ne. Sai su manna tambarin Majalisar a sama, su liƙa lambar asusu a ƙasa. Amma zauren nan shawara yake bayarwa, ba shi da baitulmali.

Ki duba yadda kuɗin ya taɓa gudana a tarihi. Da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware, kuma iyayen gijin bayin aka biya, bayin ko anini ba su gani ba. A 1825 Faransa ce ta ɗora wa Haiti biyan faran miliyan 150 saboda ta 'yantar da kanta daga bauta. Firaministan Holan ya nemi gafara kan bauta a Disambar 2022, ba a bi mutum-mutum da kuɗi ba. Ƙasashen Karibiyan sun fito da buƙatu goma na diyya tun 2014, Tarayyar Afirka ta mai da diyya taken 2025, har yau ana kan ja-in-ja tsakanin gwamnatoci. To abin da ƙasashe suka shekara goma suna nema bai samu ba, shi ne wani zai ba ƙanenki ta waya? Kuma asarar kuɗin rajista ita ce ƙaramar masifa. Da hoton fasfon nan ake buɗe asusu da sunan mutum, a ci bashi, ranar da ta ɓaci shi 'yan sanda za su nema.

Maganar gidan haya kuwa, nan ne yake da hakki na gaske. Jamus tana da dokar hana wariya tun 2006, da ofishin tarayya da ke ba da shawara kyauta. Ya riƙa adana komai: tallar gidan, saƙonnin mai gidan, rana da lokaci, da wanda ya shaida. Idan an ce an kama gidan amma washegari tallar tana nan, ya ɗauki hotonta. Kada ya yi jinkiri, wa'adin gabatar da buƙata a dokar wata biyu ne kacal.

Bayan wannan, kwamitin Majalisar da ke birnin Janiba mai kula da yarjejeniyar hana wariyar launin fata ta 1965 yana sauraren ƙorafin ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashen da suka amince da sashe na 14 na yarjejeniyar, kuma Jamus na cikinsu. Sai dai sai an ƙare da kotunan cikin gida tukuna, kuma a shigar da ƙorafin cikin wata shida bayan haka. Tafiyarsu tafiyar hawainiya ce, ni kaina tana ɓata min rai, amma kyauta ce.

Ki kuma ce masa ya koma zauren WhatsApp ɗin da aka turo saƙon ya faɗa musu ƙarya ce, don na tabbata akwai waɗanda har sun fara haɗa kuɗin.