Layin gaggawa a filayen jirgin Amurka: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin an buga maka biza. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Ka ce wanda zai yanka maka tikiti ya ba ka shawara ka ƙara masa wasu kuɗi ya yi maka rajistar TSA PreCheck ko Global Entry, wai don kada ka sha layi idan ka sauka, kana kuma tambaya ko abin ya kai kuɗinsa. Kada ka ba shi ko kwabo. Ba wai shirye-shiryen ba su da amfani ba, ni kaina ina da ɗaya daga cikinsu. Matsalar ita ce kai ba ka cikin waɗanda aka yarda su nema.

PreCheck na hukumar TSA ne, wadda aka kafa a ƙarshen 2001 bayan harin 11 ga Satumba don ta riƙa binciken fasinjoji kafin su hau jirgi. Wanda zai nemi shi kai tsaye sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, wato girin kad. Ɗalibi mai bizar F-1 irinka ba ya ciki. Global Entry kuma na hukumar kwastam da tsaron iyaka ne, CBP, su ne masu duba maka fasfo idan ka sauka. An buɗe shi ga 'yan wasu ƙasashe irin su Birtaniya da Jamus da Indiya da Koriya ta Kudu, amma babu Najeriya a jerin, babu Nijar, babu Gana. Ko da ma kana ciki, ba abu ne da ejan zai gama maka daga shagonsa ba. Sai mutum ya je da ƙafarsa an ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa, a Global Entry har da ganawa da jami'i. Idan kuma aka ƙi ka, kuɗin da ka biya sun tafi ke nan, ba a mayarwa. Akwai shafukan intanet barkatai da ke kwaikwayon na gwamnati suna karɓar kuɗin "taimakon cike fom". Wataƙila mutumin naka a irinsu ya gani, ba lalle da mugun nufi ya faɗa maka ba, amma dai ka bar kuɗinka a aljihunka.

Tun da za ka ga waɗannan layukan da idonka, bari in faɗa maka abin da suke yi, don kada ranka ya ɓaci ranar da ka ga wasu suna wucewa fit kana tsaye. Mai PreCheck yana biyan abin da bai wuce dala 76 zuwa 85 ba na shekara biyar, gwargwadon kamfanin da ya yi masa rajista. Sai a ba shi wata lamba da zai riƙa sakawa duk lokacin da ya sayi tikiti, alamar ta fito a takardarsa ta shiga jirgi. A layinsu ba ya cire bel ko 'yar rigar sanyi, ba ya fito da laftof daga jaka, ba ya fito da ledar turare da man goge baki. TSA da kanta tana cewa kusan duka masu wannan layi ba sa kai minti 10 suna jira. Sai dai ka lura, aikinsa a filayen jirgin Amurka ne kawai, kuma lokacin tashi, ba lokacin sauka ba. A Abuja ko Adis Ababa ko Doha ko Istanbul, ba wanda ya san da zamansa. Ka ga ke nan ko da za a ba ka shi kyauta, layin da kake tsoro na ranar isowarka bai shafe shi ba.

Babban abin da ake tallata shi da shi ma ya ragu. Tun 2006 ake sa mutane cire takalmi, dalilin wani ɗan Birtaniya, Richard Reid, da ya ɓoye bam a takalminsa a Disambar 2001. A watan Yulin 2025 aka soke wannan dokar ga kowa da kowa. Yanzu da takalminka za ka wuce, sai in na'ura ta yi ƙara.

Ni Global Entry nake da shi. A da dala 100 ne, daga Oktoban 2024 ya koma 120, na shekara biyar, kuma PreCheck yana cikinsa. In ka raba, dala 24 ne a shekara. Ga mai girin kad da ke zuwa gida ko sau ɗaya ne a shekara, ina ganin ya biya kuɗinsa har da riba. Ka kwana a jirgi, ƙafa ta kumbura, ga jirage uku sun sauka lokaci guda, zauren kwastam ya cika kamar gidan mai ranar da aka kawo fetur bayan dogon rashi. Kai kuwa ka tsaya gaban na'ura ta ɗauki hoton fuskarka, jami'i ya dube ka ya ce wuce. Wanda kuma bai cika tafiya ba, sai bayan shekara biyu ko uku, bai rasa komai ba in ya bar shi. Akwai kuma CLEAR, na wani kamfani mai zaman kansa, mai duba ido ko yatsa ya kai ka gaban layi. Wajen dala 200 ne, kuma duk shekara. Wannan na 'yan kasuwa ne masu hawa jirgi kowane mako, ba namu ba.

Akwai wani amfanin PreCheck da Bature ba zai lissafa maka ba, sai mu masu manyan kaya. A layin kowa da kowa yawanci na'urar nan ce mai hoton jiki, wadda za ka tsaya ka ɗaga hannu. Kaftani mai aiki a ƙirji, ko wando mai zariya da kauri, ko carbi da ka manta a aljihu, duk suna sa ta nuna alama, sai a ce ka tsaya a lalube ka. Mata masu hijabi da ɗaurin ɗankwali sun fi shan wannan, a ce za a taɓa kai. Matata har ta saba, da ta wuce na'urar take tsayawa da kanta tana jiran mace ta zo. Doka ta ba ta damar cewa a kai ta ɗaki na keɓe, kuma mace ce za ta bincike ta. A layin PreCheck galibi ƙofar gano ƙarfe ce kawai, ka wuce da babbar rigarka in ka ga dama. Kai dai ranar tafiya ka sa kaya marasa nauyi, ka kwashe komai na aljihu, har tishu, ka zuba a jaka tun kana layi.

Kada kuma ka ɗauka wanda ya biya ya tsira. Wani lokaci za ka ga an buga harafin S guda huɗu a takardar shiga jirgi, SSSS. Wannan bincike na musamman ne: a zazzage jaka, a shafa wa kayanka wani ƙyalle a saka a na'ura, a ce ka kunna waya. Mai Global Entry ma yana iya samunsa. Mu da muka daɗe a nan mun tuna abin da ya biyo bayan Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit ranar Kirsimetin 2009. A Janairun 2010 aka saka Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa 'yan ƙasarsu bincike. An janye jerin bayan 'yan watanni, amma koren fasfo ya daɗe yana jan kallo. Ga kuma sunayenmu, Muhammad, Abubakar, Usman, da mutum dubu ke amsawa. In ka ga abin yana maimaituwa a kanka duk tafiya, akwai shirin da ake kira DHS TRIP, inda za ka shigar da ƙorafi a ba ka lambar da za ta bambanta ka da mai irin sunanka. Wannan kyauta ne, kuma kai ma kana da damar nema.

Yanzu ga abin da zai ci maka lokaci da gaske. A filin da jirginka ya fara sauka cikin Amurka, ko Atlanta ne ko Washington ko New York ko Chicago, a nan za a yi maka shige da fice, ba a garin makarantarka ba. Fasfo, da takardar I-20 da makaranta ta aiko maka don neman biza, da rasidin dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje, da takardar ɗaukarka a makaranta, da shaidar kuɗin da za a riƙe ka da su, duk su kasance a jakar hannunka. Kada ka kuskura ka sa su a akwati, domin ba za ka ga akwatin ba sai ka wuce jami'in. Ba a yarda ka shigo fiye da kwana 30 kafin ranar da aka rubuta a I-20 ɗinka ba, ka duba wannan kafin ka zaɓi rana. Zai tambaye ka wace makaranta, me za ka karanta, wa ke biya. Ka amsa abin da aka tambaye ka, ka yi shiru. Idan aka ce ka bi wani jami'i zuwa ɗaki na biyu, kada hankalinka ya tashi, ɗalibai da yawa ana kai su don a duba sunansu a kwamfuta. Sai dai zaman yana iya kai awa ɗaya ko biyu, kuma ba a son ganin waya a hannu.

Daga nan ka ɗauki akwatunanka, ka wuce kwastam, ka sake miƙa su ga jirgi na gaba, sannan ka shiga layin TSA kamar wanda ya fito daga gida. Nan ne mutane ke rasa jirgi. Saboda haka in akwai inda ya kamata ka ƙara kuɗi, to a tikitin da ya bar maka awa huɗu tsakanin sauka da tashi ne, kuma ya zama tikiti ɗaya ne tun daga gida har garin makaranta, don in ka makara kamfanin ya sa ka a jirgi na gaba. A wannan layin na biyu duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 za a karɓe, don haka zuma da babbar kwalbar turare su shiga akwati.

Sai maganar kilishi, don na san Inna ta riga ta sa an yi oda. Ka ba ta haƙuri, ku cinye shi a gida. Nama daga ƙasashenmu ba ya shiga Amurka, danye ko busasshe, dambu ko kilishi, saboda cututtukan dabbobi. Suna da ƙananan karnuka masu dogon kunne da ke zagaya wajen ɗaukar kaya, kare ya zo ya zauna kusa da akwatinka shiru, shi ke nan an gano ka. Idan ka faɗa da bakinka cewa kana da abinci, iyakaci su duba, su ɗauke wanda ba a yarda da shi ba su bar maka sauran. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa ma ka ambace su, ka bar jami'i ya yanke hukunci. Idan ka ɓoye aka gani, tara ce ta ɗaruruwan daloli kuma a rubuta a sunanka. A 2018 an ci wata Ba'amurkiya tarar dala 500 kan tuffa guda ɗaya da aka ba ta a cikin jirgi daga Faris, aka kuma ƙwace mata Global Entry. Wannan rubutun da ke shiga sunanka shi ne zai iya hana ka shirin nan gaba, ranar da ka cancanci nema. Haka kuɗi: in sun haura dala 10,000 dole ka bayyana su.

Ka kuma dubi bizarka da kyau. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar da ake ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku. Muddin kana karatu kuma I-20 ɗinka na aiki, zamanka halal ne ko bizar ta ƙare, amma da zarar ka tafi gida sai ka koma ofishin jakadanci neman wata. Ke nan ba kai ba zuwa gida kowane hutu, kuma 'yan tafiye-tafiyen da za ka yi a cikin ƙasa ba su kai a saya musu layi ba. Ka je filin jirgi awa biyu kafin tashi, fasfonka ya ishe ka shaida.

Kafin ka biya tikitin, ka turo mini hoton jadawalin tafiyar in ga garin da za ka fara sauka da awa nawa aka bar maka. Ka gaishe da Inna da Baba.