Me ya sa ƙarar bindigar toka ta bambanta da ta zamani?

Tambaya: Ranar hawan daushe a Kano, in 'yan bindigar sarki suka sake ta, sai ka ji "dum" har cikin ƙirjinka, ga hayaƙi. Ta sojoji kuwa "tau" take yi. Me ya kawo bambancin? Ko ta toka ta fi ƙarfi ne?

Amsa: Malam, ba ta fi ba, kunne ne yake ruɗinka. Maganar daga albarushi take farawa. Na dā haɗin abu uku ne: sinadarin potasiyam naitiret kashi 75 cikin 100, gawayi 15, farar wuta 10. In ya kama, fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka da hayaƙi yake komawa, shi ya sa fili ke turnuƙewa da warin farar wuta. Matsin da yake tarawa a bututu kaɗan ne, bututun kuma ga tsawo ga faɗi. Brown Bess, bindigar toka ta sojojin Ingila na dā, faɗin bakinta ya kai milimita 19, na AK-47 kuwa 7.62 ne. Sai ƙarar ta fito da kauri, tana jan jiki. In mai ƙanƙara ce ma, wato dutsen da ke ƙyasta mata wuta, wanda ke kusa zai ji ƙyas ɗin ƙanƙarar da "fuu" na albarushin gefe kafin babbar ƙarar.

A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda kusan dukansa iska yake zama. Matsin ya ninka, iskar na fita da fushi lokaci guda, ƙarar ta zama gajera mai kaifi.

Amma babban bambancin yana ga harsashi. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, harsashin AK-47 kuwa yana barin baki da wajen 715. Duk abin da ya wuce sauti gudu yana tsaga iska da ƙarar kansa, yadda bakin bulala ke yi in an kaɗa ta. Don haka wanda harsashin da aka harbo daga nesa ya gifta ta kusa da shi ƙara biyu yake ji: "tas" na harsashin tukuna, sannan "dum" na bindigar ya biyo baya. Da tazarar da ke tsakaninsu sojoji ke ƙiyasta nisan mai harbi. Dunƙulen dalmar bindigar toka kuwa, ko ya fita da gudun sauti, nan da nan iska ke karya gudunsa, sai dai ka ji fitonsa.

Kar ka manta kuma, 'yan bindigar hawan salla ba sa ɗura dalma, albarushi ne kawai da abin toshe shi, saboda haka rabin labarin kake ji. Sai dai ko wannan ɗin, kada a bar yara su tsaya dab da bakinta. Harbi ɗaya a kusa ya isa ya bar wa kunne tabon da ba ya warkewa.