Kamfanin jiragen shiyya ya yi odar sababbin jirage, shin zai ci gaba da ɗaukar matuƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Kyaftin. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, shekara biyu ke nan ina koyar da tuƙin ƙananan jirage don in tara awoyi. Yanzu ina da awa 1,380 kuma ina da takardar zama ta dindindin. Kamfanonin shiyya biyu, masu jigilar fasinja da ƙananan jirage, sun yi mini tayin aiki idan na cika awa 1,500, wato SkyWest da Envoy. Abokaina na cewa in tafi SkyWest tunda ya yi odar sababbin jirage, wai zai faɗaɗa in zama kyaftin da wuri. Wasu kuma na cewa lokacin ɗaukar matuƙa ya riga ya wuce. Gona mahaifina ya sayar ya biya rabin kuɗin makarantata, sauran bashi ne. Ina tsoron in yi zaɓen da zan yi da-na-sani. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, ya ba ka ikon rama masa. Ka yi nisa, awa 120 da suka rage ba wani abu ba ne.

Maganar odar jirage gaskiya ce. A watan Yunin 2025 SkyWest ya sanar da sayen jiragen Embraer E175 guda 60, kuma tun a Maris na 2024 kamfanin American ya yi odar guda 90 domin ƙananan kamfanoninsa, waɗanda Envoy na cikinsu. To amma abokanka sun ɗauki labarin ta inda ba shi ne kansa ba. Kafin ka auna ko kamfani zai faɗaɗa, sai ka fara sanin wane ne ke da fasinjan da yake ɗauka.

Kamfanin shiyya a Amurka, a mafi yawan aikinsa, ba ya sayar da tikiti. Shatarsa ake yi. United ko Delta ko American ko Alaska ne ke zaɓen garin da za a je da lokacin tashi da kuɗin kujera, su ne kuma yawanci ke biyan kuɗin mai. Kamfanin shiyya ya kawo jirgi da matuƙa da masu gyara, a biya shi gwargwadon awoyin da jirgin ya yi da yawan tashinsa. Shi ya sa za ka ga an rubuta United Express ko American Eagle a jikin jirgi, alhali matuƙan ciki ma'aikatan wani kamfani ne daban. Ke nan girman kamfanin shiyya yana hannun wanda ya yi shatarsa, ba a hannunsa ba.

Shi ma mai shatar an ɗaure masa hannu. Ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanoni ba sa so a riƙa miƙa aikinsu ga masu ƙaramin albashi, don haka suka sa sharaɗi a yarjejeniyarsu: jirgin da za a ba kamfanin shiyya kada ya wuce kujera 76, nauyinsa lokacin tashi kada ya wuce fam 86,000, kimanin tan 39, sannan an ƙayyade adadin irin waɗannan jirage da kowane babban kamfani zai iya bayarwa. Wannan sharaɗi ne ya hana sabon samfurin E175-E2 shiga kasuwar Amurka, domin ya yi nauyi. Shi ne kuma ya haifar da CRJ550 a 2019, inda aka ɗauki jirgi mai kujera 70 aka mayar da shi mai 50 don kawai ya shiga wani rukunin. An daina ƙera jiragen CRJ baki ɗaya, waɗanda ke aiki suna ta tsufa. Idan ka haɗa waɗannan, za ka gane cewa kaso mai yawa na sababbin jiragen da ake oda gurbin tsofaffi za su cike. Jirgi ya shigo, jirgi ya fita, matuƙan da ake buƙata ba su ƙaru ba. Tambayar da za ka yi a wurin ganawa ita ce: jirage nawa za su ƙaru a jimilla bayan an cire waɗanda za a ajiye?

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Abin da ke buɗe wa sabon matuƙi ƙofa a kamfanin shiyya tafiyar na gabansa ce, fiye da zuwan sabon jirgi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu yi lissafi a misalce. Kowane jirgi na buƙatar matuƙa kusan goma don ya riƙa tashi kullum. Kamfanin da ya ƙara jirage 20 a shekara zai nemi matuƙa wajen 200. Amma kamfani mai matuƙa 5,000, idan ɗaya cikin goma ya tafi babban kamfani a shekarar, gurbi 500 ya buɗe ke nan ba tare da an sayi ko taya ba. Don haka idonka ya kasance a kan United da Delta da American da Southwest da kamfanonin dakon kaya irin su FedEx da UPS. In suna ɗiba, kai ma za ka hau sama. In sun tsaya, kowa ya tsaya a inda yake.

Mun ga fuskokin nan biyu a 'yan shekarun nan. Lokacin korona manyan kamfanoni sun lallaɓa dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya da wuri. Da tafiye-tafiye suka dawo, sai suka shiga ɗiba ba ji ba gani, sama da matuƙa 12,000 a 2022, haka ma a 2023, kuma yawancinsu kyaftin-kyaftin ne daga kamfanonin shiyya. Ɗaruruwan ƙananan jirage suka zauna a ƙasa babu mai tuƙa su. A nan ne albashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba: a Yunin 2022 Envoy da Piedmont suka kai kuɗin sabon mataimakin matuƙi dala 90 a awa, daga hamsin da ɗoriya. Da yake ana lamunce wa matuƙi kimanin awa 75 a wata, abin ya haura dala 80,000 a shekara. Ka kwatanta da mataimakiyar matuƙin jirgin Colgan Air da ya faɗi kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu, wadda bincike ya nuna albashinta wajen dala 16,000 ne a shekara. Wannan haɗari ne asalin dokar awa 1,500 da kake fama da ita, wadda ta fara aiki a 2013. Kafin nan da awa 250 ana iya ɗaukar mutum.

Sai 2024 ta zo da wata fuskar. Boeing ya kasa kawo jirage a kan lokaci bayan wani ɓangaren jikin jirgin Alaska ya ɓalle a sama cikin Janairu, matsalar injin kamfanin Pratt & Whitney ta sa an ajiye jiragen Airbus da dama, kamfanin jiragen Spirit ya shiga dakatar da matuƙa. Ɗiban manyan kamfanoni ya sauko ƙasa da rabin na 2023. Nan take kyaftin-kyaftin na shiyya suka daina tafiya, waɗanda aka yi wa tayi irin naka suka shafe watanni suna jiran ranar fara horo. Masu ce maka lokaci ya wuce wannan suka gani. Ni ban yarda ya wuce ba. Doka ta ce matuƙin jirgin fasinja ya sauka a shekara 65, yunƙurin mayar da ita 67 bai shiga dokar 2024 ba, kuma waɗanda aka ɗauka da yawa a shekarun 1980 da 1990 suna ta kaiwa wannan shekara. Abin da ya wuce shi ne guguwar 2022, wadda dama ba za ta ɗore ba. Za a ci gaba da ɗauka, amma da tantancewa, kuma da jira.

Akwai wani ƙulli da sababbi ba su cika lura da shi ba. Ba za ka zauna kujerar hagu, wato ta kyaftin, ba sai ka yi awa 1,000 a irin wannan aiki na jigilar fasinja. Kamfanin da ke da mataimaka birjik amma kyaftin kaɗan, jiragensa ba sa tashi yadda ya kamata, kai kuma kana zaman jiran kira a ɗakin haya, kana samun awoyi ƙalilan a wata. An biya ka, amma awa 1,000 ɗin ba ta matsowa. Don haka ka nemi wanda ya shiga kamfanin wata shida ko shekara da ta wuce, ka tambaye shi awa nawa yake tashi a wata da gaske, wata nawa ya yi a jiran kira, kuma wanda ya zama kyaftin kwanan nan yaushe aka ɗauke shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ɗaukar ma'aikata zai gaya maka abin da ya faru bara ne.

Game da kamfanonin biyu. SkyWest, mai hedikwata a St. George ta jihar Utah, shi ne mafi girma a wannan fage, da jirage wajen 500, yana yi wa manyan kamfanoni huɗu aiki, kuma yawancin jiragen nasa ne. Wannan ƙarfi ne na gaske. Idan ɗaya ya rage shata, akwai uku. Ka tuna ExpressJet, wanda ya taɓa kasancewa cikin manya, ya rage da United kaɗai, da United ya janye a 2020 sai ya rufe. Compass da Trans States sun rufe a Afrilun 2020, jirage 20 na American da Compass ke tuƙawa aka kwashe aka ba Envoy. Air Wisconsin ya rasa shatar American a 2025. Sai dai matuƙan SkyWest ba sa ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago irin ALPA, babbar ƙungiyar matuƙan jiragen sama, ƙungiya ce ta cikin gida ke magana da yawunsu, kuma wannan abin dubawa ne ranar da ka samu saɓani da hukumar kamfani.

Envoy kuwa mallakin American ne, tare da PSA da Piedmont. Abin da yake da shi mai daraja shi ne yarjejeniyar wucewa: idan layi ya zo kanka za ka koma American ba tare da sabuwar ganawa ba. Abin yana ɗaukar shekaru, kuma yana tafiya ne da saurin ɗiban American, amma ga mai bashi a wuya da iyaye a gida, ina ganinsa a matsayin garkuwa. Kuma bai hana ka neman United ko Delta kafin lokacin ba. Kada dai ka ɗauka mallakar babban kamfani na nufin ba a rufewa. Comair na Delta ne, kuma Delta ya rufe shi a 2012.

In da ni ne a matsayinka, abin da zan fara dubawa shi ne wa zai ba ni tabbatacciyar ranar fara horo da wuri. A wannan sana'a ranar da ka shiga ita ce lambarka, kuma lambar ce ke yanke maka garin zama da ranakun hutu da lokacin zama kyaftin, da kuma wanda za a fara sallama in abu ya ɓaci. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. In ka bar kamfani ka koma wani, daga ƙasan layi za ka fara ko da shekara goma ka yi. Idan tazarar ranakun ta kai wata huɗu ko biyar, ɗauki na kusa. Idan wata ɗaya ne ko biyu, to ka duba inda za ka zauna. Envoy na da babban mazauni a Dallas, kuma matuƙin da ke fita daga gidansa ya tuƙa mota zuwa aiki ya huta da wahalar da mai bin jirgi zuwa wani gari kafin ya fara aiki ke sha, yana neman kujerar da ta rage, yana kwana a ɗakin haɗaka. Na ga wannan wahala ta gajiyar da mutane masu ƙwazo. Amma ka tambaya ko sabon shiga na samun garin da yake so, ko sai ya yi watanni a wani wuri.

Sai batun takardar da za su miƙo maka. Bayan guguwar 2022 wasu kamfanoni sun fara ɗaure sababbin matuƙa da kwantiragi. A 2023 kamfanin shiyya na Republic ya fito da wanda ke cewa wanda ya tafi kafin wa'adi zai biya dala 100,000, har ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ta kai ƙara. Haka kuɗin sa hannu da ake kwaɗaitarwa da shi, kusan kullum yana da sharaɗin zama na wasu shekaru, in ka tafi ka mayar, alhali an riga an cire haraji daga abin da ya shigo hannunka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka nemi kwafin duk abin da za ka sa wa hannu tun kafin ranar, ka ba lauyan da ya san harkar ƙwadago ya karanta, ka tambaya musamman me zai faru da kuɗin idan su ne suka sallame ka ko ka faɗi jarrabawar horo.

Kafin nan kuma kada ka ajiye koyarwa ranar da ka cika 1,500. Ci gaba da tashi har sai an kira ka, domin kamfanoni na duba awoyin da ka yi a watannin baya-bayan nan. Ka tabbatar awoyin dare da na dogon zango da na jirgi mai inji biyu sun cika yadda lasisin ATP, wato na tuƙa jiragen jigilar fasinja, ke buƙata, littafin awoyinka ya daidaita shafi da shafi, takardar lafiyarka ta aji na farko ba ta kusa ƙarewa ba. Kuma ka amsa tayin duka biyun ka bar su a buɗe muddin babu wanda ya ɗaure ka, har ɗayansu ya aiko da rana a rubuce.